Yadda ake gyara takardar sallamar sojan Amurka a saka lambobin yabon aikin ƙasar waje da aka manta

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na yi shi ne domin 'yan uwanmu da suka yi aikin soja a Amurka, da matansu da 'ya'yansu, don muna da su, akwai 'yan Kano da Zariya, akwai 'yan Damagaram da Maraɗi, akwai 'yan zangon Kumasi da Nima da suka shiga soja bayan sun zo ƙasar nan, kuma da yawansu takardar sallamarsu tana ajiye a ƙasan akwati basu taɓa zama sun karanta ta layi layi ba.

Kawuna ne ya jefa ni cikin wannan harka. Ya yi sojan ƙasa, an kai shi Saudiyya lokacin yaƙin Gulf na 1991, daga baya ya yi shekara guda cur a Koriya ta Kudu, sannan ya ajiye kaki. Da ƙirjinsa ya fara damunsa muka ɗauko takardarsa zamu nemi haƙƙin jinya, ina dubawa sai naga babu Saudiyya a jikinta ko a layi ɗaya, kamar bai taɓa taka ƙasar ba. Nace Kawu ina lambarku ta Gulf? Yace kai yaro, ranar da aka bani takardar nan jakata tana kafaɗa, motar da zata kai ni filin jirgi tana jira, sa hannu kawai nayi. Wallahi abin ya tsaya min a rai, mutum ya kwana wata da watanni a hamada yana shaƙar hayaƙi amma takardar da zata yi magana a madadinsa tayi shiru.

Toh ga yadda muka bi har aka gyara, da abin da na koya a hanya.

Fara da takardar kanta

Sunanta DD-214. Idan kana da kwafi biyu ka ɗauki wanda aka rubuta Member 4 a ƙasansa, shi ne cikakke. Gurbi uku zaka zuba wa ido. Gurbi na 12f shi ke nuna jimillar lokacin da kayi a ƙasar waje, shekara da wata da kwana. Gurbi na 13 nan ake jera lambobin yabo. Gurbi na 18 kuma na ƙarin bayani ne, a takardun sojan ƙasa na baya-bayan nan nan ake rubuta ƙasar da aka tura ka da ranar zuwa da ta dawowa. Ka ɗauki biro da farar takarda ka rubuta duk inda ka taɓa zuwa a wajen Amurka, da sunan rundunarka a lokacin, da watan da ka sauka da watan da ka taso, ko da kintace ne, sannan ka gwada da abin da ke gurbin nan uku. Na Kawu 12f shekara ɗaya ya nuna, wato Koriya kaɗai aka lissafa.

In mutum ya sake shiga soja bayan ya fita, ko ɗan Reserve ne, wato sojan ko-ta-kwana, da aka riƙa kira ana sallama, zai iya samun DD-214 fiye da ɗaya, sai ka haɗa su duka kafin kace an manta da wani abu, wataƙila yana jikin ɗayar. 'Yan National Guard kuma, wato sojojin ko-ta-kwana na jihohi, suna da tasu daban mai suna NGB-22, ita gyaranta daga hedikwatar Guard ta jihar da kayi aiki ake farawa.

Ka gane wace irin matsala ce taka

Nan ne mutane ke ɓata shekara a banza, don ba duk rashin lamba ne iri ɗaya ba.

Akwai wadda ka cancanta tun kana cikin kaki, magatakarda ne kawai bai buga ta ba. Akwai wadda ba a ma ƙirƙiro ta ba sai bayan ka fita, amma doka ta mayar da ita baya ta haɗa da lokacinka. Waɗannan biyun su ne maganarmu, kuma su ne masu sauƙi, domin lambar zuwa fagen aiki ba alfarma bace, ba sai wani kwamanda yace kayi jarumta ba, tambaya uku ce kawai: ina kaje, yaushe, kwana nawa. Ka amsa su da takarda, an gama.

Ta ukun ita ce lambar bajinta ta mutum shi kaɗai, irin su Bronze Star, wadda sai an rubuta shawarar a baka tun farko. In ba a taɓa rubutawa ba kuma lokaci ya wuce, hanyarta daban ce, ta hannun ɗan majalisar tarayya ake bi a ƙarƙashin sashe na 1130 na kundin dokokin soja. Kar ka cakuɗa ta da waɗancan a takarda ɗaya, zata ja maka jinkiri.

Lambobin da aka fi mantawa da su

Ka duba ranakun nan da kyau, su ne ginshiƙin komai.

Ta Koriya, Korea Defense Service Medal, a ƙarshen 2002 aka yi dokarta amma ta koma baya har 28 ga Yuli 1954. Sharaɗinta kwana 30 a jere ko kwana 60 a rarrabe a Koriya ta Kudu. Kaga duk wanda yayi Koriya ya fita soja a shekarun 1970 ko 1980 ko 1990 ba zai ganta a takardarsa ba, kuma haƙƙinsa ce.

Ta yaƙin Gulf, Southwest Asia Service Medal, daga 2 ga Agusta 1990 zuwa 30 ga Nuwamba 1995. Tana da zango uku kuma kowane zango tauraron tagulla ɗaya ake maƙala mata: na kare Saudiyya har 16 ga Janairu 1991, na 'yanto Kuwait daga 17 ga Janairu zuwa 11 ga Afrilu 1991, sai na tsagaita wuta daga nan zuwa ƙarshe. Dan Allah kar ka nemi lambar ka manta da taurarin, ka lissafa zangon da kwanakinka suka taɓa ka rubuta adadinsu. Bayan ita akwai Kuwait Liberation Medal guda biyu kuma mutane na ɗauka ɗaya ce. Ta gwamnatin Saudiyya daga 17 ga Janairu zuwa 28 ga Fabrairu 1991 ne kawai. Ta gwamnatin Kuwait daga 2 ga Agusta 1990 zuwa 31 ga Agusta 1993, ita kuma sai a 1995 Amurka ta amince sojojinta su karɓa, shi yasa waɗanda suka fita kafin nan basu da ita, Kawu na cikinsu.

Ta Iraƙi, Iraq Campaign Medal, daga 19 ga Maris 2003 zuwa 31 ga Disamba 2011, tana da zango bakwai. Ta Afghanistan daga 11 ga Satumba 2001 zuwa 31 ga Agusta 2021. Dukkansu kwana 30 a jere ko 60 a rarrabe, sai dai in an ji maka rauni an kwashe ka ko kun yi artabu da abokan gaba, toh ba a duba yawan kwana. Akwai wani ruɗani a nan: waɗanda suka je da wuri, kafin ƙarshen Afrilu 2005, da yawa Global War on Terrorism Expeditionary Medal aka basu domin sai a 2004 aka kafa ta Iraƙi da ta Afghanistan. Kana iya neman a musanya maka, amma ba a baka biyun a kan zuwa ɗaya, sai ka zaɓa. Wadda ta shafi yaƙi da ISIS a Iraƙi da Siriya, Inherent Resolve Campaign Medal, a 2016 aka kafa ta, ta koma baya zuwa 15 ga Yuni 2014.

Ita waccan Expeditionary ɗin ta yaƙi da ta'addanci ƙasashenta suna da yawa, akwai Kuwait da Qatar da Djibouti, har Nijar da Chadi suna cikin jerin. Wanda aka tura sansanin Yamai ko na Agadas kafin sojojin Amurka su fice a 2024 ya duba odarsa, wato takardar da aka tura shi da ita, abin da ake nema shi ne a ga an tura ka ne a ƙarƙashin aikin da aka amince da shi, zuwa ƙasar kaɗai bai wadatar ba. Somaliya kuma daga 5 ga Disamba 1992 zuwa 31 ga Maris 1995 Armed Forces Expeditionary Medal ce. Kosovo tana da tata daga 24 ga Maris 1999.

Sai Overseas Service Ribbon ta sojan ƙasa, wadda ta fara aiki 1 ga Agusta 1981. Ita ba ruwanta da yaƙi, kammala wa'adin zama a ƙasar waje ne, Jamus ne ko Koriya ko Italiya. Wanda ya gama wa'adinsa kafin 1981 zai samu ne kawai in yana cikin soja har wannan ranar ko bayanta. Ga Iraƙi da Afghanistan wata 9 a jere, ko wata 11 a rarrabe cikin wata 24, shi ake ɗauka a matsayin cikakken wa'adi. Sojan ruwa da na sama da Marin, wato sojan kundumbala, kowa yana da irin tasa da nasa sharaɗin, kar ka ɗauki ƙa'idar sojan ƙasa ka kai musu.

Nemo fayil ɗinka kafin ka nemi gyara

Kar ka rubuta wa kowa ƙorafi tukuna. Fara neman cikakken fayil ɗinka na aiki, wanda suke kira OMPF. In ka fita daga sojan ƙasa daga Oktoba 2002 zuwa yau, ko sojan sama daga Oktoba 2004, ko sojan ruwa daga Janairu 1995, ko Marin daga Janairu 1999, fayil ɗinka yana kwamfuta, zaka iya nemansa ta shafin milConnect. In ka riga waɗannan shekarun fita, yana cibiyar adana takardun ma'aikata ta ƙasa, NPRC, a birnin St. Louis na jihar Missouri. Ana nema ta intanet a eVetRecs ko a cike fom SF-180 a tura. Ga tsohon soja da iyalinsa na kusa kyauta ne, sai dai in an shekara 62 da sallamar, a nan fayil ya zama na tarihi ana biyan kuɗin kwafi. Ka rubuta ƙarara cewa duka fayil kake so, in ba haka ba DD-214 ɗin da kake da ita zasu sake turo maka.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne suna. Mutum ya shiga soja da Mohammed, fasfo ɗinsa Muhammad, ɗan Nijar an rubuta Aboubacar a nan Abubakar a can, wani kuma ya canja suna ranar da ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Ka rubuta sunan daidai yadda yake a takardun soja harafi harafi, ka haɗa da lambar Social Security, in ka canja suna ka saka kwafin shaidar canjin. Dattawan da suka yi sojan ƙasa ko na sama kafin Yuli 1969 lambar aiki gare su daban da ta Social Security, a nemo ta.

Masu neman na kakanni ko iyayen da suka daɗe da fita su sani cewa gobara ta tashi a waccan cibiya ta St. Louis ranar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960 sun ƙone, da kusan kashi 75 na sojan sama daga 1947 zuwa farkon 1964 waɗanda sunansu ya zo bayan Hubbard a jerin haruffa. In naku na ciki zasu turo fom NA 13075 ku cike, da shi suke tattaro bayani daga takardun albashi da rahoton safiya na runduna su sake gina abin da zai ginu.

Tara hujja, nan aikin yake

A ganina kashi mafi girma na nasara a nan yake, kuma nan ne nafi daɗewa. Hukumomin soja suna farawa ne da ɗaukar cewa abin da ke rubuce daidai ne, kai ne zaka nuna ba haka bane. Labarinka komai gaskiyarsa in ba takarda a bayansa da wuya ya wuce.

Mafi ƙarfi ita ce oda, takardar da aka tura ka da ita mai ɗauke da sunanka, da wadda ta dawo da kai. Amma oda tana nuna an ce ka tafi ne, bata nuna ka isa ka zauna ba, shi yasa ake haɗa ta da takardar albashi ta wata wata, LES. Ita wannan bata ƙarya: watan da kake fagen daga zaka ga kuɗin haɗari ya shigo, wanda a mafi yawan shekarun Iraƙi da Afghanistan dala 225 ne a wata, zaka ga an daina cire maka harajin tarayya, mai iyali zai ga kuɗin rabuwa da iyali. Watan da suka fara da watan da suka tsaya sun zana maka iyakar zamanka. In naka sun ɓace ka rubuta wa ofishin biyan albashin soja, DFAS, ka faɗi shekarun da kake nema.

Bayan su akwai takardar taƙaita aikinka, ta tsofaffin sojan ƙasa DA Form 2-1 ko DA Form 20, ta 'yan baya ERB ko ORB, akwai gurbin aikin ƙasar waje a ciki. A nan muka samu ta Kawu, an rubuta Saudiyya da ranar zuwa da ta dawowa da hannu, shekara da shekaru tana kwance a St. Louis, wanda ya buga takardar sallama ne bai kwafe ta ba. Sai rahoton auna aiki da shugabanka ya rubuta, wanda sau da yawa yake ambatar inda kuke. Sai takardar neman kuɗin tafiya DD 1351-2. Sai fom ɗin duba lafiya na bayan dawowa DD 2796. Sai katin asibiti in an taɓa duba ka a can. Sai takardar shaidar wata lambar da aka baka wadda a jikinta aka rubuta wuri da rana. Ɗan sojan ruwa ya nemo shaidar cewa yana cikin jirgin a watannin da ake magana, don in jirgin ya cancanta a wancan lokacin kuma sunanka na cikin ma'aikatansa magana ta ƙare.

Hotuna, da ambulan wasiƙa mai adireshin APO, wato na gidan wayar soja, da hatimin gidan waya, da rubutacciyar shaidar abokin aiki da kuka je tare, duk a saka, amma a matsayin ƙari. Shaidar aboki tafi nauyi in ya haɗa da tasa DD-214 mai nuna runduna ɗaya da lokaci ɗaya. Kuma kar ka taɓa tura asalin takarda, kwafi zaka tura, ka rubuta sunanka a saman kowane shafi, ka basu lamba 1, 2, 3.

Ƙofar farko: ofishin rundunarka

Da yawa suna jin labarin fom DD-149, wanda da shi ake kai ƙara gaban hukumar gyaran takardun soja, sai su ruga can kai tsaye. Hukumar gyaran takardu tana so taga ka fara gwada hanyar ofis, in baka yi ba tana iya dawo maka da takardunka bayan ka gama jira. Kuma ga lambar zuwa fagen aiki mai hujja a fili sau da yawa ofis ɗin ya isa.

In fayil ɗinka yana St. Louis ka tura buƙatar can da SF-180 da wasiƙa, su zasu duba, amma gyaran takardar kanta rundunar ce ke yi. In na kwamfuta ne, sojan ƙasa sashen lambobin yabo na Human Resources Command a Fort Knox ta Kentucky, sojan ruwa Millington ta Tennessee, sojan sama cibiyar ma'aikata ta Randolph a San Antonio ta Texas, Marin kuma Quantico ta Virginia. Adireshi yana canjawa, ka ɗauko na yanzu daga shafi na ƙarshe na SF-180 ko shafin rundunar.

Wasiƙar da Turanci za a rubuta, kuma shafi ɗaya ya isa. Kar ka zuba tarihin rayuwarka ko ɓacin ranka. Ka faɗi sunanka da lambarka da ranar sallama, sannan kowace lamba layinta daban: ina neman a ƙara lamba kaza da tauraro kaza a gurbi na 13, domin nayi aiki a ƙasa kaza da runduna kaza daga rana kaza zuwa rana kaza, duba hujja ta 2 da ta 5. In 12f ma ba daidai bane ka nemi a gyara shi a wannan wasiƙar, ka nemi a rubuta ƙasar da ranakun a gurbi na 18. Wannan na ƙarshen ni a wurina ya ma fi ƙarfen lambar amfani, don shi ma'aikacin da zai duba haƙƙinka zai gani. Ɗan sojan ƙasa in ya ambaci ƙa'idar lambobin yabo AR 600-8-22 ya sauƙaƙa wa mai dubawa. Ka tura ta hanyar da za a baka shaidar isa, ka ajiye rasit.

In sun amince zasu turo DD-215, takardar gyara ce da ake haɗawa da ta asali, wani lokacin kuma sabuwar DD-214 suke bugawa gaba ɗaya. In sun ƙi, ko suka ce ba huruminsu bane, kar ka yar da wasiƙar, ita ce tikitinka na ƙofa ta biyu.

Ƙofa ta biyu: DD-149

Wannan fom ɗin shi ke kai ka gaban hukumar gyaran takardun soja da sashe na 1552 na kundin dokokin soja ya kafa, fararen hula ne manyan ma'aikata ke zama a ciki. Ta sojan ƙasa ABCMR, ta sojan ruwa da Marin BCNR, dukkansu a Arlington ta Virginia, ta sojan sama AFBCMR a sansanin Andrews ta Maryland. Ba a biyan ko sisi. Kar ka ruɗe da DD-293, wancan na masu neman a canja musu nau'in sallama ne.

Fom ɗin zai tambaye ka wane gyara kake so, me yasa kake ganin kuskure ne ko rashin adalci, da yaushe ka gano. Doka tace cikin shekara 3 da ganowa, amma hukumar tana da ikon yafe wannan in adalci ya buƙaci haka, don haka kar tsufan sallamarka ya hana ka. Ka faɗi gaskiyar lokacin da ka gano da dalilin da baka gano da wuri ba, misali lambar bata wanzu ba sanda na fita, ko ban ga fayil ɗina ba sai bana. Akwai wurin da ake tambaya ko kana so ka bayyana a gabansu, mafi yawan irin wannan shari'ar a kan takarda ake yanke ta, ba sai kaje ba. Ka haɗa duk hujjojinka da wasiƙar ƙin amincewar ofis, ka sa hannu. Fom mara sa hannu dawowa yake. Kuma abin da baka da tabbas a kai kar ka rubuta shi kamar tabbas, ƙarya a fom ɗin gwamnatin tarayya laifi ne da ɗaurinsa ke iya kaiwa shekara 5, in watan ne ka manta kace wajen wata kaza.

In tsohon sojan ya rasu, Allah ya jiƙansa, matarsa ko ɗansa ko magajinsa na iya cikewa, a haɗa da takardar shaidar rasuwa da shaidar dangantaka. Wanda aurensa a gida aka ɗaura kuma takardar da Hausa ko Larabci ko Faransanci take, a fassara ta zuwa Turanci a haɗa duka biyun.

Sai haƙuri. Doka ta ɗora wa hukumomin nan su gama kashi 90 cikin ɗari na ƙararraki cikin wata 10, duka kuma cikin wata 18, don haka in ka ji shiru wata shida ba wai an manta da kai bane. In ka canja gida ko imel ka sanar da su da lambar ƙararka. Wani lokacin zasu nemi ra'ayin wani ofis su turo maka kwafi su baka wa'adin amsawa, ka amsa cikin wa'adin, nan ne damarka ta gyara in an fahimce ka ba daidai ba. In jiran ya wuce misali kana iya zuwa ofishin ɗan majalisar tarayya na yankinka ka cike takardar izini su tambaya maka, ba zasu canja hukunci ba amma zaka san inda takardarka take. In an ƙi, ka karanta dalilin da kyau, yawanci zasu faɗi abin da ya rasa, ka nemo sabuwar hujjar da basu gani ba ka nemi a sake dubawa. Kotun tarayya ma tana nan cikin shekara 6, amma a kan lambar zuwa fagen aiki da wuya a kai can.

Kar ka biya kowa, kuma kar ka jira

Akwai masu taimakawa kyauta, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da American Legion da VFW, da jami'in kula da tsofaffin sojoji na gunduma ko na jiha. Sun saba da fom ɗin nan, ka ɗauki jakar takardunka kaje musu. Wanda ya koma gida Najeriya ko Nijar ko Ghana da zama shi ma duk wannan yana yiwuwa daga can ta intanet da imel.

Abu na biyu, in rashin lafiya ce ta sa ka fara wannan, kar ka jira gyaran takarda kafin ka shigar da buƙatarka a ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA. Ka cike fom 21-0966 na nuna niyya, yana riƙe maka ranar farawa har shekara guda, kuma VA tana iya tabbatar da inda kaje daga fayil ɗinka ko da DD-214 bata nuna ba. Dokar PACT da aka sa wa hannu 10 ga Agusta 2022 tana ɗaukar cewa wanda yayi aiki a Saudiyya, Kuwait, Iraƙi, Bahrain, Qatar, Oman, Daular Larabawa ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, ko Afghanistan, Djibouti, Masar, Jordan, Lebanon, Siriya, Uzbekistan ko Yemen daga 11 ga Satumba 2001, ya shaƙi gurɓatacciyar iska, ba sai ya kawo shaidar hakan ba. Kaga dalilin da yasa rashin kalmar Saudiyya a takardar Kawu ya hana ni barci. Ban da jinya, lambar fagen daga tana bada fifikon maki 5 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, da ita ake shiga VFW, wasu jihohin ma da ita suke bada lambar mota ta musamman.

Bayan gyara ya fito

Ranar da DD-215 ta iso ka zauna ka karanta ta kamar yadda ya kamata a karanta ta farkon, sunan kowace lamba, yawan taurari, ranaku, harafin sunanka. In akwai saura ka rubuta musu nan take tun fayil ɗin yana kusa. Ka haɗa ta da DD-214 kar su rabu, duk inda zaka miƙa ɗaya ka miƙa ɗayar, ka tura wa VA kwafi, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a waya da imel, ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda suke.

Su kansu lambobin na ƙarfe ana turo wa tsohon soja kyauta in ya nema, da SF-180 ɗin nan dai, ka rubuta cewa kana neman a baka lambobinka. Na ƙasashen waje irin na Kuwait da Saudiyya ba kullum gwamnatin Amurka ke bayarwa ba, in basu zo ba ana sayensu a shagunan kayan soja tunda dai suna rubuce a takardarka.

Na Kawu a ƙofar farko aka gama, bamu kai ga DD-149 ba. An ƙara masa ta Gulf da taurari biyu, da na Kuwait guda biyun, da ta Koriya, an gyara 12f. Overseas Service Ribbon ce basu saka ba a karon farko, muka sake rubutawa da kwafin DA Form 2-1 muka ja layi a ƙarƙashin watanni 12 na Koriya, ita ma ta fito a takarda ta biyu.